Maina da Muryoyin da Ruwa Bai Ci Ba

Da hantsi Maina ke jingine kekensa a bayan gidan radiyon manoma a Diffa, ya buɗe ɗan ɗakin da babbar ordinatar take, wato kwamfutar da suke kira sarba. Shi kaɗai yake shan shayinsa. Ba mai leƙo shi sai abu ya tsaya, ranar kuwa kowa ya san sunansa.

Manomin tattasai a Shetimari kan taɓa waya ya sauke shirin maganin tsutsa, bai san shirin ba ya Diffa ba. Wurin ajiyar sarbar kaɗan ne, shi ya sa Maina ya ƙulla mata hanya zuwa injinan ajiyar shirye-shirye na ƙauyuka. Ka nema a nan, ta ɗauko can, ta miƙo maka.

Shekarar da kogin Komadugu ya cika ya batse, Abbakar mai kula da injin Geskeru ya kira shi.

"Maina, mun fita a kwalekwale da yara. Injin na kan tebur, batir ke riƙe da shi, ruwa ya kai ƙofa."

A cikinsa akwai hirarrakin tsofaffin masunta da manoma, galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba kwafinsu ko'ina. Maina ya fara jawo su, sai wuri ya ƙare a sarbar. Abin da ya rage da za a iya gogewa a samu wuri nasa ne: bidiyon ƙauyensu da tashin hankali ya tarwatsa, har da mahaifiyarsa marigayiya tana rangaɗa guɗa a wani biki.

Nafisa mai gabatar da shirye-shirye tana wurin. Ta ce, "Dakata in je kasuwa in sayo abin ajiya."

"Ruwa ba ya jiran kasuwa, Nafisa."

Nafisa ta ba da labari daga baya cewa sau ɗaya ya saurari guɗar, sannan ya goge bidiyon, ya jawo sauran hirarrakin.

Kai ne, Maina, gadar da ake takawa ba a gaishe ta. Saboda kai ne wata tsohuwa, Ya Fanna, da ke gudun hijira a Gagamari, take jin mijinta marigayi yana bayanin saƙar koma, jikoki na rububin wayar. Mun gode, Allah Ya jiƙan mahaifiya. Masu riƙe amanar jama'a, ga wanda za ku yi koyi da shi.

Wanda kuma ke da tsohon bidiyon bikin ƙauyen su Maina, don Allah ya duba ko akwai wata dattijuwa tana guɗa. Shi bai taɓa roƙa ba. Ni ke roƙo.