Allon da ke bakin tsohuwar hanyar Jidda

Shekarun baya, ina firamare, kakata ta tsiro da wani abu da ya gajiyar da gidanmu. Da an yi hutu sai ta ce a fitar da ita tsohuwar hanyar Jidda, ta nemo inda aka binne mahaifiyarta. Tana ƙarama suka taho daga Sudan, suka sauka daga jirgin ruwa suka kama hanya a ƙafa, uwar ta rasu kafin su ga Makka. Abin da Kaka ta riƙe kawai, akwai rijiya da dutse baƙi a gefe.

Kawuna ne ke tuƙi daga unguwarmu ta Ka'akiyya a Makka. Ni kuwa dole a tafi da ni, don sunan marigayiyar aka sa mini, Kaka ma "Uwata" take kirana. Ina lafewa a baya ina kallon yadda take murza bakin mayafinta duk lokacin da muka wuce wani dutse.

Ranar da nake ba ku labari, mukayyif ɗin motar, wato na'urar sanyaya iska, ya mutu, ruwan gorarmu ya zama kamar shayi. Mun tsaya wuri bayan wuri.

"Hajja, don Allah halas, ya isa haka," in ji Kawu. "Duk dutsen ƙasar nan baƙi ne."

"Kai dai tuƙa. Da ƙafa na bi ta, kai a zaune kake kuka."

Can sai ga wani allo ruwan ƙasa a bakin titi, rana ta ci fentinsa. Kaka ta buga kujerar Kawu, ya taka birki yana tsaki. Ba ta iya karatu ba, shi kuma ya ƙi fitowa. Sai ta kamo hannuna muka fita.

"Uwata, karanta mini. Ko hukuma ta rubuta mutanenmu ne?"

Na karanta a zuci tukuna. Babu maganar alhazai ko kabari. Na so in ƙirƙiro mata wani abu, amma ni ko gaisuwa sai na yi shiri, balle ƙarya. Na fassara mata Larabcin da gurguwar Hausata: a kwarin nan rundunar Sahabbai ta sauka ta kwana, kan hanyarta ta shiga Makka.

Iskar manyan motoci na kaɗa mayafinta.

"Kwana suka yi?"

"Haka aka rubuta, Kaka."

"To runduna ba ta kwana inda babu ruwa. Rijiyar nan take."

Ni ban ga rijiya ba, sai tsakuwa da ledoji maƙale a ƙaya. Ta zauna a gindin allon, cikin 'yar inuwarsa, ta yi addu'a mai tsawo. Da muka koma mota Kawu ya buɗe baki, ya dubi fuskarta a madubi, ya rufe. Kafin mu shigo gari ta yi barci a kafaɗata.

Ba ta sake cewa a fitar da ita ba har Allah ya karɓi abarsa.

Har yau ban san ko wurin ne ba. Wani lokaci ina ganin gajiya ce kawai ta kai ta inda za ta iya ajiye kayan. Kawu dai, wanda ya fi kowa mita, in muka bi hanyar yanzu sai ya rage gudu daidai allon, ya kashe rediyo.