Koren Zanen da Ya Rufe Dardumar Goggo

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Goggo Hajara, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni a unguwar Nyanya ta Abuja tun ina aji biyu na sakandare. Allah Ya jiƙanta. A bana ne kawai na iya tuna ta ba tare da wani nauyi ya danne mini ƙirji ba.

Goggo ba ta yar da ƙyalle. Tsohon zane, ɗankwalin da ya koɗe, rigar da ta yi wa yaro kaɗan, duk sai ta yayyanka su siri-siri, ta shimfiɗa wankakken buhun shinkafa a cinya, ta riƙa cusa su da kwarashi tana jawowa har darduma ta fito. Doka ɗaya gare ta: ba a sa sabon yadi. "Wanda bai sha gumin mutum ba, me zai gaya miki?" in ji ta.

Ta rasu ta bar darduma guda ba ta ƙarasa ba, wadda ta ce 'yata Safiya za ta zauna a kai ranar saukar Alƙur'ani. Lokacin Safiya ko Fatiha ba ta gama riƙewa ba. A asibiti Goggo ta kama hannuna ta ce, "Saura gefe ɗaya, Rabi. Kar ki yi mini ha'inci da na kanti." Na yi dariya, na amsa.

Sai da aka share makoki na warware dardumar, na ga gefe uku kore ne shar, na huɗun buhu tsirara, kuma babu ko zare ɗaya na koren a jakarta. Mun riga mun rabar da suturarta sadaka, kamar yadda aka saba, ban ma san wa ya samu me ba. Kusan shekara bakwai ina naɗewa ina warwarewa. Sau biyu na sayo kore a kasuwa, sau biyu na kasa sa masa almakashi.

Da aka sa ranar sauka, na je Nyanya gayyatar tsofaffin maƙwabta. Ina ba Maman Talatu labari, wata Kirista 'yar Filato da suka yi shekaru suna raba igiyar shanya da Goggo, sai ta tsura mini ido.

"Kore? Wanda bakinsa ya yanke?"

Ta shiga ɗaki ta fito da shi. Ya yi laushi, ya koɗe, an zaftare rabinsa da almakashi. "Kai Rabi, kin cika zurfin ciki! Ni na ɗauka rowa kuka yi mini, kuka ba ni rabin zane. Shekara bakwai ina goyon jikoki da shi!"

Na zauna a dandamalinta na yi kuka, ita tana ta yi mini dariya. Ta ba ni zanen, na koma gida na ƙarasa gefen da shi.

Da Goggo za ta ga Abujar yau, inda 'yan mata ke koyon kwarashi a waya suna sayar da jakunkuna, na san za ta yaba, sannan ta juya aikin ta duba bayansa. Nawa ma ba zai tsira ba. Layina ya karkace, kuma koren gefen ya fi sauran haske, don ya sha wanki da goyo.

Amma Safiya ta zauna a kai ranar Asabar, ta karanta allonta muryarta ba ta rawa. Maman Talatu na daga bayan rumfa, tana nuna wa mutane gefen da yake nata.

Na cika alkawari, Goggo. Babu na kanti ko ƙyalle ɗaya.