Gardamar Bindiga a Hawa na Uku

Duk zamana a Makka ban taɓa ganin bindiga a hannun Bahaushe ba. Garin da ko tattabara ba a jifa, wa zai ba ka bindiga? Amma wallahi bindiga ce ta raba ni da yayana, ita ma ta cikin waya.

A unguwar Mansur muke zaune, hawa na uku, a wani tsohon gini da kusan kowane ɗaki 'yan uwanmu ne. Mijina tsohon soja ne, da igiyar saja ya bar aiki a Najeriya, ya zo ya kama tuƙi a wani kamfanin gini, igamarsa, wato takardar izinin zama, lafiya lau. Yayana kuwa, wanda nake bi, maharbi ne a ƙauyenmu. Ya zo aikin hajji ya ƙi komawa, ya shekara ashirin da biyu yana sayar da asuwaki, ba shi da takarda ko ta naɗe ƙosai. Marar igama ya san yadda ake zama a garin nan: ba ya ɗaga murya, ba ya tsayawa inda aka taru, in askarawa, 'yan sandan ƙasar, suka shigo layi sai ya ɓace. In aka kama shi, gidan tarhil ne, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga can sai jirgi. Yaya ya iya wannan zama fiye da kowa.

Kowace Juma'a bayan an sauko yakan zo ya ci tuwo a wurina. Wata Juma'ar sai mijina ya nuna masa wani bidiyo, wani Bature a daji yana harba bindigogi da aka ɗaura wa salansa a baki, ƙarfen nan mai rage ƙara, ƙaramar fistol da doguwa. Daga ranar na rasa kwanciyar hankali.

Mijina ya ce, "Yaya, ai ba a haɗawa. Fistol in ta samu salansa, tif za ka ji, kamar an rufe littafi. Doguwa kuwa harsashinta ya fi sauti gudu, ko me ka ɗaura mata sai ta yi tsawa."

Yaya ya ajiye loma. "Saja, kai dai an ba ka bindiga ne, ni kuwa da ita na tashi. Dogon baki shi ke haɗiye ƙara. Wannan 'yar guntuwar a ina za ta ɓoye shi?"

"Yaya, taka fa ta ɗure ce, harba-ka-ruga. Ka taɓa ganin salansa da idonka?"

"Kai ka taɓa riƙewa?"

Mijina ya yi tari ya ce ya taɓa ganin wani kyaftin da ita. Ka ji malaman namu.

In sun gaji da maganar ƙara sai su koma kan gyara. Mijina ya yarda cewa salansar fistol ƙazama ce, baƙin hayaƙi take tarawa kamar gindin tukunya, sai an kwance an kankare. Amma ta doguwa, in ji shi, zafi take ɗauka har ba ta taɓuwa, kuma tana turo datti baya ya cika cikin bindigar. Yaya ya ce duk iyayi ne. Tasa shekara da shekaru ba ta san komai ba sai tsumma da man kaɗanya, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Tabaryata ta zama doguwar bindiga, ludayina ya zama fistol. Maza biyu masu furfura, ɗaya na cewa "tif", ɗaya na cewa "fut", tuwo na hucewa.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Ku dubi Allah! Kuna gardamar abin da ba ya ƙara, kun hana gini barci. Yaya, kai da ba ka da igama!" Sai ya sassauta murya na minti biyu.

Wata uku ana haka. Ran da abin ya faru, mijina ya ce lasifikar waya ce ba ta fitar da gaskiya, ya je ya aro babbar lasifikar da maƙwabcinmu ke kai wa wurin walima. Suka zaunar da ni a tsakiya, wai ni ce alƙali. Wawancin da na yi shi ne na zauna. Abin da duk muka manta, Baturen nan da bindigar da ba salansa yake farawa, don a ji bambanci. Mijina ya ƙure lasifika ya danna.

Innalillahi! Harbi uku a jere, tagogi suka amsa. Kafin ya lalubo inda ake kashewa, ginin ya hargitse. Ƙafafu kawai kake ji a matattakala, wasu na sama suna yin ƙasa, na ƙasa suna yin sama. Wata maƙwabciyata ta fita da tukunyar miya a hannu, har yau ba ta san dalili ba. Wani Balarabe da ke ginin da ke kallonmu ya kira askarawa.

Na leƙa, sai ga motarsu. Ina da wata tsohuwar firiza da ta mutu, ina ajiye kayan miya a ciki. Na kwashe kuka da daddawa, na tura Yaya ciki, na tokare murfin da muciya don ya sha iska. Na ce, "Yaya, ko tari ka yi ban yafe ba."

Askarawa biyu suka shigo. Mijina ya miƙa igamarsa da tawa, ya nuna musu bidiyon da lasifikar. Babbansu ya kalla, ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce halas, wato shi ke nan, kada a sake. Ya juya zai fita. Da mijina ya yi shiru da shi ke nan. Amma ina! Ya ga mai kaki, ya ga shaida. Ya ce da Larabcinsa mai kama da faɗa, "Ranka ya daɗe, don Allah, ba fistol ce ta fi shiru ba?"

Askar ya tsaya ya yi tunani. Ya ce yawanci haka ne. Amma akwai wata 'yar doguwa ta harbin zomo, mai ƙaramin harsashi, ita in ta samu salansa babu fistol ɗin da ta kai ta shiru.

Sai murfin firiza ya ɗaga, muciya ta faɗi.

"Allahu akbar! Maimaita masa, yaro! Maimaita masa da kyau!"

Ga Yaya tsaye, garin kuka har gira. Askar ɗin ya dube shi, ya dube ni, na ga a fuskarsa shi ma bai so ba. Ya ce a hankali, "Igama, ya Hajji." Yaya ya shafa aljihu, ya dubi ƙasa.

Har suka sauka da shi yana waiwayen mijina yana cewa, "Ka dai ji da kunnenka." Ni kuwa na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka kamar an yi mutuwa. Kwana tara ban yi wa mijina magana ba, abinci ma a ƙofa nake ajiye masa. Shi ma ya rame, don ya san abin da bakinsa ya jawo.

Bayan sati biyar Yaya ya kira ni daga ƙauye. Ya ce ya isa lafiya. Ya ce gidanmu an raba shi uku, sa'o'insa duk sun rasu, yara na nuna shi suna tambayar baƙon wane ne. Na shirya zagin da zan yi masa tun ranar firiza, amma na kasa.

Ya ce, "Ƙarfe nawa a wurinku?"

Na ce la'asar ta kusa.

"To kada ki kashe. In an fara kiran salla, fito min da wayar ta taga."

Na buɗe taga na miƙa hannu waje. Masallacin layinmu ya fara, na bayansa ya ɗauka, na can gangare ya biyo. Jan hancinsa kawai nake ji. Hannuna ya yi tsami, na canja zuwa ɗayan, na riƙe har ladanin ƙarshe ya gama.