Yarinyar da Ta Toshe Kunne a Ajin Hadda

Wata rana na je ɗauko ɗana daga Islamiyya, na tarar da mata sun yi cincirindo a ƙofar ajin hadda.

Wata yarinya ce, Rumasa'u, ba za ta wuce shekara tara ba. Ta shige ƙarƙashin benci, ta toshe kunnuwa da hannu biyu, tana jijjiga jiki tana ihu.

A satin ne makarantar ta sayi sabuwar lasifika. Karatu na tashi har bango na amsawa.

Kun dai san mutanenmu. Yaro ya toshe kunne ana karatun Alƙur'ani? Nan take aka yanke hukunci, wai aljanu ne.

Aka janyo ta waje. Mata biyu suka danne ta, wani ya tafi kiran mai ruƙiyya. Wata kuma har ta ɗaga waya tana ɗaukar bidiyo, kamar ta zo kallon biki.

Raina ya ɓaci. Idan bidiyon nan ya fita, sunan "mai aljanu" ya bi yarinyar nan ke nan, kuma ba makarantar da za ta sake karɓar ta.

Ana ƙara riƙe ta, ihun na ƙaruwa.

Sai ga mahaifinta ya shigo da gudu, ko mashin ɗinsa bai kafe da kyau ba.

Malamin ajin ya tare shi: "Alhaji, ka yi haƙuri, yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce."

Ya ce: "Ita kaɗai ce, Malam. Don Allah a kashe lasifikar nan, a sake ta."

Aka kashe. Aka sake ta.

Bai taɓa ta ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, da fararen kayansa, ya fara karanta surar da ake yi, can ƙasa-ƙasa.



A hankali ta sauke hannu ɗaya. Ta sauke ɗayan.

Da ya tsaya jan numfashi, sai ta ɗora daga inda ya tsaya. Ta kai surar har ƙarshe.

Daga baya uban ya yi bayani. Tana da galahanga, abin da likitoci ke kira otizim. Ƙarar da mu muke jurewa, ita ciwo take yi mata. Ya ɓoye ne ranar da ya kawo ta, don duk makarantar da ya faɗa wa gaskiya, sai a ce babu gurbi.

 Sai Malam ya tashi ya naɗe wayar lasifikar da hannunsa, ya ce gobe a kawo ta da wuri, ta zaɓi wurin zamanta.

Ni kam na yi kuka.

Darasi: Ba duk yaron da ya toshe kunne ne yake gudun karatu ba. Kafin ka laƙaba masa suna, rage murya, ka tambayi abin da ke yi masa ciwo.

Ku tura wa malamin ɗanku da duk iyayen da kuka sani, akwai yaron da wannan zai sauƙaƙa wa zaman aji.