Tsohon Da Ke Yi Wa Ƙafafunsa Sannu

Jiya kamiyonmu na ɗaukar kaya ya mace a Kolokonde, na taka har Jugu. Da na tsoma ƙafafuna a ruwan ɗumi, sai na ji bakina ya ce, "Sannunku da aiki." Maganar kakana ce, Allah ya jiƙansa.

Da ƙafa yake kora shanu zuwa kasuwar Paraku. In ya dawo, sai ya zauna a zaure ya jiƙa fasassun dugadugansa, yana shafa su yana yi musu sannu. Ni kuwa in ce, "Tsoho, sun amsa?"

Rannan ya ce in ɗumama masa ruwa. Don tsiya na ɗebo na randa, mai sanyi ƙarara. Ya tsoma, ya runtse ido, ya ce, "Madalla, abokina, har ka wahala ka kawo. Allah ya yi maka albarka." Dariyar ta maƙale mini. Na ce gobe zan ɗora masa na gaske. Goben a kwance ta same shi, bai ƙara tashi ba.

Ni ma yanzu na san gajiya, Tsoho. Allah ya hutar da ƙafafun nan naka, ya kai maka ɗumin da na hana ka.