Tsakiyar Kifin Gwaggo Ige

Duk kun san Gwaggo Ige ba ta amsa gaisuwar budurwa sai ta kama haɓarta ta juya ta wajen haske ta duba leɓe. Ni da ƙanwata Luba a hannunta muka tashi a Birnin Kebbi, tun muna jihar Sakkwato, kuma haɓar nan tamu ta sha wuya.

Ita a wajenta fata daga ciki ake shafa mata mai. Wani lokacin sanyi Kawu ya kawo mana baselin daga Sakkwato. Ta buɗe, ta sansana, ta lafta wa ƙyauren da ke kuka.

"Gwaggo, na leɓe ne fa," in ji Kawu.

"Awo. To ga shi ƙyaure ya yi shiru. Leɓe ko kihi shika so."

In an kawo tarwaɗa daga Argungu, tsakiyar nan mai maiƙo ta mai fasasshen leɓe ce. A ƙara mata kwaɗon zogale da ƙuli, da gyaɗa, da ɗan man shanu. Luba kuwa da iska ta kaɗa sai jikinta ya yi furu-furu, leɓe ya dare. Ni Allah Ya yi ni da fata sumul, don haka kullum wutsiya. Wallahi na ji haushin yarinyar nan. Tana tauna tana kallona, har da lumshe ido.

Na ce ba zai yiwu ba. Na daina shan ruwa, na zauna bakin zaure ina lasar leɓe iska na bugu, har ya tsage. Na tafi da rangwaɗa na gaida Gwaggo. Ta kama haɓa, ta daɗe tana dubawa.

"Wanga ba yunwa ba ce, Hajo. Lasa ce." Ta miƙo mini moɗa. "Maganinki na cikin randa."

Ranar ma Luba ta ci tsakiya, ni na sha ruwa har cikina na ƙara. Na ƙudurta a raina Gwaggo ba ta sona, kuma da wannan na yi aure.

A ciwonta na ƙarshe ni na yi jinya, Luba tana can Argungu da goyo. Ban san na bar ci da sha ba. Na kawo mata romon kifi, sai na ji hannu ya lalubo haɓata, ba ƙarfi. Ta duba, ta turo mini kwanon.

"Yau kam na gaskiya ne. Ci tsakiyar, ɗiyata."

Na ci ina kuka. Kuma Luba, tunda kina nan zaune, ki sani ta fi duk waɗanda kika ci maiƙo.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sanyaya makwancinta, Ya shayar da ita ruwan Alkausara.