Wuyan Ragon Layya

Nasiru jikana ya kanga min waya ga ido, wai in ga yadda anka 'yanta bayi. Cikin fim ɗin wani shugaba na yat tashi tsaye, yas sa hannu ga takarda, sai ga sarƙoƙi na zuba ƙasa, mutane na rungumar juna. Nic ce ya kashe abin nan. Yac ce, "Kaka, ai tarihi na." Nic ce ba na gidanmu ba.

Ni da hurhurata niy yi karatu, ajin manya nan Goronyo, kuma wanga labari ba ga takarda nis same shi ba. Ga bakin kakata Ige nij ji shi. Muna yara, lokacin ɗari in anka yi isha'i, takan hura wutar kara tsakar gida, ta zuba muna gujjiya cikin toka, mu kewaye ta tana gatana. In kag ga ta miƙe ƙahwahu ta bar dariya, to ranar ba kura ba zomo, labarin kanta za ta yi.

Tana 'yar ƙarama anka ɗauko ta daga kudu, ko sunan garinsu ba ta riƙe ba. Wani rinji wajen Rabah tat tashi, ƙauyen bayi, suna noma ma ubangijinsu gandu. Da anka ce bauta ta ƙare, ba wanda yaz zo ya hwaɗa musu. Kasuwar Wurno sunka ji, ga bakin mai saida albasa. Da sahe kowa yad ɗauki hauya yak koma gandu. Ina za su? Gona ta ubangijin, rijiya tashi, har ɗakin da suka kwana.

To gidan ubangijin suna da al'ada: in anka yanka ragon layya, wuya rabon bawa na. Har Ige tay yi aure tah haihu, kowace babbar salla sai an aiko da wuya cikin akushi. In ka amsa, ka yarda da matsayinka ke nan, kuma gonar da kaka nomawa ba mai taɓa ta.

Shekarar da mijinta yar rasu anka aiko kamar kullum. Babana da ƙanwa tai sunka zagaye akushi, sun daɗe ba su ga nama ba. Ige tar ruhe shi, tad ɗora bisa kai, tat taka har gidan. Tad durƙusa tag gaida uwargida yadda ta saba, tac ce sun gode, amma daga bana ba su ci. Uwargida ba ta yi hwaɗa ba.

"Ige, kin san gonar wa kika noma?"

"Na sani, Inna."

Kahin ruwa ya sauka anka amshe gonar. Tak kwaso ɗiyanta taz zo Goronyo tana aikin ƙodago cikin hwadama. Ƙanwar babana ba ta kai girbi ba, tar rasu.

Nan Ige taka tsayawa da labarin kullum, ta tona toka ta raba muna gujjiya. Wani dare nit tambaye ta ko ta yi da-na-sani. Tad dube ni, tac ce in ci abina tun da zahi.

Da ƙuruciya na ɗauka don tauri na ba mu cin wuya gidanmu. Sai da nir rasa ɗa na cikina nis san abin da matar nan tab biya. Ban ce shugabanni ba su yi komi ba, takarda kam an sa mata hannu. Amma takarda ba ta taka zuwa rinji ba, Ige ta tat taka da akushi bisa kai.

Nasiru yac ce ba mai kallon fim ɗin mace ɗauke da akushi. Nic ce to su bar cewa tarihi na. Yaj juya waya ga hannu, sannan yat tambayi sunan yarinyar da tar rasu.

Nic ce Kulu. Sunanta anka sa min.